Daga Wasiƙa Zuwa Tes: Waiwaye Kan Rubutun Ɗalibanmu

Yaran da aka haifa a 2001, shekarar da wayar salula ta shigo Najeriya da ƙarfinta, yanzu sun zama manya. Wasu sun gama jami'a, wasu sun yi hidimar ƙasa, wasu ma sun riƙe alli suna koyar da ƙannensu. Su ne zuriya ta farko a ƙasar Hausa da ta buɗe ido ta tarar ana rubutu a tafin hannu, ba a allo da littafi kaɗai ba. Don haka lokaci ya yi da za mu waiwaya mu dubi abin da saƙon tes ya yi wa rubutun ɗalibanmu, mu auna shi da ma'aunin adalci. Na daɗe ina koyar da harshe a makarantar sakandare, kuma duk lokacin da aka zauna duba takardun jarrabawa a ofishin malamai, hukuncin da nake ji guda ne: waya ta kashe rubutu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma idan muka tsaya a kanta, mun bar jaki muna dukan taiki.

Lokacin da wasiƙa take sarauta

Kafin waya, rubutun da talaka ya fi sani shi ne wasiƙa. A bakin gidan waya da ƙofar kotu akwai masu rubuta wasiƙa, kowa da teburinsa da ambulan da kan sarki. A ƙauye kuwa, ɗan makaranta shi ne magatakardan unguwa. Tsohuwa za ta aika a kira shi, ta shimfiɗa masa tabarma, ta ce: "Ɗan nan, zo ka rubuta mini takarda zuwa ga kawunka da ke Ikko." Sai ta shiga zuba magana yadda ta zo mata, ta taɓo batun damina, ta koma kan ciwon ƙafarta, ta tuno auren jikarta, ta sake dawowa kan damina. Aikin yaron ne ya tattara wannan duka ya jera shi: sallama, gaisuwa, "bayan haka", sannan buƙata, sannan gaisuwar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da wassalam. In ya gama ya karanta mata, ita kuma ta ce: "A'a, ba haka na ce ba, gyara nan." Sai ya goge ya sake.

Ba wanda ya kira wannan darasi, amma darasi ne babba. Yaron yana koyon sauraro, yana koyon tsara magana, yana koyon karanta abin da ya rubuta da kunnen wani. Abu mafi muhimmanci kuma, wasiƙar takan yi makonni a hanya, kuma wanda zai karɓe ta ba shi da damar tambayar me ake nufi. Dole takardar ta tsaya da ƙafarta, ta ɗauki duk bayanin da ake bukata. Wannan tilas ɗin shi ya horar da mutanen da muke yaba rubutunsu a yau.

Sai dai kada ɗokin tuna baya ya rufe mana ido. Masu iya rubutun nan 'yan ƙalilan ne. Dalilin da ya sa yaro ɗaya yake rubuta wa unguwa guda wasiƙa shi ne sauran ba su iya ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, a kan karanta ta ne a dandali mutum guda yana karatu jama'a na sauraro. Gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya yi aiki, amma bai kai ko'ina ba, kuma mata ne suka fi zama a baya. Da rikoda ta yawaita, mutane da dama sun gwammace su ɗauki muryarsu a kaset su ba direba ko maniyyaci ya kai wa ɗan'uwa a Kumasi ko Makka. Zamanin wasiƙa zamani ne na rubutu mai kyau a hannun mutane kaɗan.

Harafi 160

An aika saƙon tes na farko a duniya ranar 3 ga Disamba, 1992, a Ingila, lokacin da wani injiniya mai suna Neil Papworth ya tura gaisuwar Kirsimeti daga kwamfuta zuwa wayar wani jami'in kamfanin Vodafone. Iyakar da aka yanka wa saƙon kuwa, harafi 160, ta samo asali ne tun tsakiyar shekarun 1980, daga wani Bajamushe, Friedhelm Hillebrand, wanda ya gwada jimloli a keken rubutu ya ga yawancinsu ba sa wuce wannan adadi. Ba da Hausa aka yi gwajin ba, kuma ba a yi shi da mutanen da gaisuwarsu kaɗai takan cinye layi biyar ba.

A Najeriya, hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Janairun 2001, kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta. Kafin nan layukan tarho da ke ƙasar gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, ga al'umma sama da miliyan 100. A lokacin kira yana da tsada, kusan naira 50 a minti, kuma ko daƙiƙa biyar ka yi sai an cire maka kuɗin minti guda, har sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Ɗalibin da ke lallaɓa katin naira ɗari biyu ba shi da zaɓi: ko ya yi filashin, ko ya tura tes. Tes ɗin ma in ya haura harafi 160 ya zama shafi biyu, kuɗi biyu.

Ga kuma wahalar madannai. A ƙananan wayoyin Nokia na wancan lokaci, kowane maɓalli yana ɗauke da harufa uku ko huɗu. Kafin ka sami "s" sai ka danna lamba 7 sau huɗu. Haka "z" sai an danna lamba 9 sau huɗu, alhali "x" da ke kan maɓallin guda dannawa biyu ce. Wanda ya riƙe irin wannan waya ba zai yi mamakin ganin "zan zo" ta koma "xan xo" ba. Daga tsadar kuɗi da gajiyar yatsa aka haifi wani salon rubutu da kowa ya sani yanzu: "slm" a madadin sallama, "ykk" a madadin ya kake ko ya kike, "lfy" lafiya, "ngd" na gode, "gsky" gaskiya, "sbd" saboda, "mgn" magana. Aka zubar da wasula, aka bar baƙaƙe tsirara.

Harufanmu masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su cikin jerin harufan da aka tanadar wa tes tun farko. Ko da wayarka tana da su, saka guda ɗaya tak yakan sauya tsarin saƙon ya rage iyakarsa daga harafi 160 zuwa 70, kuma sau da yawa wanda aka tura wa ba ya ganin komai sai ɗan akwati. Sai mutane suka haƙura da su, wasu kuma suka ari "q" suna rubuta "qasa" da "qarya". A Nijar, inda boko ya zo da Faransanci, matasa da yawa sun riƙa rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c", har ta kai ɗan Maraɗi da ɗan Katsina, waɗanda bakinsu kusan ɗaya ne, sai sun yi da gaske kafin su karanta saƙon juna.

Daga baya 2go ya zo, BlackBerry ta zo, Facebook da WhatsApp suka mamaye ko'ina. Iyakar harafi 160 ta faɗi, tsadar ta ragu, madannai suka koma kan gilashi. Dalilan da suka haifi taƙaita rubutu sun gushe, amma al'adar ta zauna, domin ta riga ta zama alamar samartaka. Yaron da bai taɓa riƙe waya mai maɓalli ba yana rubuta "xan" a yau don haka ya ga yayyensa suna yi.

Abin da ya biyo yara cikin aji

Ba zan musa ba, salon ya tsallako cikin takardun makaranta. A insha'in Turanci nakan ga "u" da "b4" da "pls", nakan ga sakin layi guda babu aya ko ɗaya, babu babban harafi a farkon jimla. Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga ɗalibi. A jarrabawar Turanci ta WAEC ana neman insha'i mai kalma wajen 450, kuma cikin maki 50 an ware 10 don daidaiton rubutu, ana cire rabin maki a kan kowane kuskure. Kuskure ashirin sun isa su share makin nan kaf. Rahotannin manyan masu duba jarrabawar sun sha kokawa da shigar salon tes cikin amsoshin ɗalibai.

Amma ga abin da na lura da shi a tsawon shekaru, kuma malamai da dama da na tattauna da su sun tabbatar mini: ɗalibin da ya iya rubutu ba ya kawo salon tes cikin jarrabawa, in ban da tuntuɓen alƙalami nan da can. Yarinyar da ta fi kowa iya insha'i a aji tana iya zama ita ce ta fi kowa saurin yatsa a waya, kuma ta san inda kowane salo ya dace. Wanda yake zuba "u" da "b4" daga farkon takarda har ƙarshe, in ka hana shi su, abin da zai rubuta ba zai fi su kyau ba, domin bai taɓa mallakar daidaitaccen rubutun ba balle ya rasa shi.

Bincike ma ya nuna haka. A Jami'ar Coventry ta Ingila, Beverly Plester da Clare Wood sun yi nazari kan yara 'yan firamare wajen 2008 zuwa 2009, suka gano cewa yaran da suka fi amfani da taƙaitattun kalmomin tes ba su fi sauran rauni a karatu ba, sau da yawa ma sun fi su. Dalilin a fili yake: kafin ka cire wasula daga kalma ka bar ta ana gane ta, sai ka san sautukan da suka gina ta. Masanin harshe David Crystal ya wallafa littafi a 2008 yana kare wannan ra'ayi, yana tunatar da mutane cewa taƙaita kalma ta girmi wayar salula. Mu ma mun san haka, domin tun kafin a haifi waɗannan yara muke rubuta "Alh." da "Mal.", kuma masu aika telegiram sun daɗe suna tsuke magana don ana biya ne a kan kowace kalma. Sai dai a lura, yaran Coventry suna da makarantu masu littattafai da malaman da suka koya musu karatu tun suna ƙanana. Wasan da suke yi da kalmomi a kan tushe mai ƙarfi suke yin sa.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Nijar. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram, da Hausa da Zabarmanci. A wasu ƙauyukan an ƙara da koya wa ɗaliban yadda ake amfani da ƙaramar waya, har da tura tes. Jenny Aker, wadda take Jami'ar Tufts a lokacin, da abokan aikinta suka bi sawun sakamakon, suka tarar waɗanda aka koya wa waya sun fi sauran cin gwajin rubutu da lissafi, kuma bambancin lissafin bai ɓace ba watanni bayan an rufe azuzuwan. Manomin da ya koyi harufa a aji, in babu inda zai yi amfani da su, mantawa yake yi. In kuwa yana da ɗa a Abidjan da yake son tura wa saƙo, ko yana son tambayar farashin wake a kasuwar gaba, kullum yana bita ba tare da an sa shi ba.

Wannan shi ne alherin waya da ba mu cika faɗa ba. Ba a taɓa samun zamanin da Hausawa suka yi rubutu da yawa kamar yanzu ba. Mai shayi yana rubutu, ɗan acaɓa yana rubutu, matar aure a cikin gida tana rubutu. 'Yan mata da matan aure suna rubuta dogayen labarai shafi-shafi suna rabawa a zaurukan WhatsApp da Wattpad, dubban mutane suna bi suna jiran na gobe. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta ta nuna irin baiwar da ke ɓoye a gidajenmu.

Laifin da ba na waya ba

Wata ɗalibata a aji biyar na sakandare ta taɓa ba ni insha'in Hausa da bai cika rabin shafi ba. Ƙawayenta suka ce mini ai marubuciya ce, tana da labari a waya da mutane ke bi. Na nemi ta kwafo mini babi guda a takarda. Da ta kawo na karanta, sai na ga abin mamaki: ta iya gina labari, ta iya saka magana a bakin kishiya da uwar miji yadda za ka ji kamar kana tsakar gidan, ta san inda za ta yanke ta bar mai karatu da zulumi. Amma kusan kowane layi akwai "yace" da "tace" da "dashi" da "zanje" a haɗe, ga "motar sa" da "gidan su" a rabe, babu harafi mai lanƙwasa ko ɗaya. A wani wuri ta rubuta "baki sun cika gidan", sai da na koma baya kafin na gane baƙi take nufi. Na zaunar da ita na nuna mata cewa "ya" da "ta" da "na" kalmomi ne masu zaman kansu da ake raba su da aikatau, "sa" da "su" na mallaka kuwa manne suke da sunan da suka biyo. Ta yi shiru tana kallon takardar, sannan ta ce: "Malam, wallahi ba wanda ya taɓa nuna mini inda ake rabawa." Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zuwa makaranta.

Amsar yarinyar nan ita ce tushen maganar. Kurakuran da suka fi yawa a rubutun Hausa na yau, haɗa abin da ake rabawa da raba abin da ake haɗawa, ba waya ce ta kawo su ba. Suna nan a allunan shaguna da jikin motoci tun kafin 2001. An soki littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano a kansu tun shekarun 1990. Keken rubutu na ofisoshinmu ma yawanci ba shi da harufa masu lanƙwasa. Ƙa'idojin kuwa suna nan a ajiye, an sha wahala a kansu: Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun boko a 1912, a shekarun 1930, zamanin Rupert East a Hukumar Talifi, aka shigo da harufa masu lanƙwasa, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966 da na Yamai a 1980 don daidaita rubutu tsakanin ƙasashe. Harsunan Afirka kaɗan ne suka sami irin wannan gata. Abin da ya rage shi ne a koyar, kuma nan ne muka gaza.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare. A makarantu da yawa maganar ta tsaya a takarda. Darasin Hausa shi ne wanda ake miƙa wa duk malamin da ba shi da aiki, da hujjar cewa ai Bahaushe ne. A wasu makarantun kuɗi har tara ake cin yaro in ya yi Hausa. Gwaje-gwajen karatu da aka yi wa 'yan ajin farko-farko na firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010 sun nuna cewa mafi yawan yaran ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, abin da ya sa daga baya aka ɓullo da shirin Mu Karanta a jihohin biyu. Waɗannan yara 'yan shekara bakwai da takwas ne, yawancinsu a karkara, ba su da waya. Abin da suke da shi shi ne aji mai ɗalibi ɗari, malami guda, babu littafi. Waya ta zo ta tarar da wannan rauni, ta fito da shi fili inda kowa zai gani.

Asarar da ta fi damuna

Duk da haka ban wanke waya tas ba. Akwai abin da ta rage mana, kuma ya fi taƙaita kalma girma nesa ba kusa ba. Shi ne dogon numfashi a rubutu.

Saƙon waya hira ce. Ka jefa rabin jimla, abokinka ya cike, in bai gane ba ya tambaya, ka ƙara masa. Ba ka bukatar gabatarwa, ba ka bukatar jera hujja, ba ka bukatar kammalawa. In kana so a san wasa kake yi, ka saka fuska mai dariya, ba sai ka nemi kalmar da za ta nuna hakan ba. Ba a komawa a duba, ana gamawa ake turawa. Ɗalibin da ya tashi a kan wannan, in ka ajiye masa farar takarda ka ce ya bayyana ra'ayinsa kan auren wuri ko shaye-shaye a shafi biyu, sai ka ga ya rubuta jimla huɗu masu kyau ya tsaya. Ba wai ba shi da tunani ba ne. Bai saba riƙe tunani guda ya bi shi har ƙarshe shi kaɗai ba, babu mai amsa masa. Abin da wasiƙa ta tilasta wa yaron tsohuwar nan, waya ta ɗauke wa ƙannensa.

Karatu ma haka. Idon da ya saba da layi biyu-biyu, ga ƙarar sabon saƙo kowane minti, yana shan wuya kafin ya zauna da babi guda. Tsarin jarrabawarmu kuma bai taimaka ba. JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, zaɓi ce tsakanin amsoshi huɗu, kuma makarantu da yawa sun kwaikwayi hakan a gwaje-gwajen cikin zango saboda ya fi sauƙin dubawa. Yaro yana iya shafe zango guda bai rubuta cikakken sakin layi daga kansa ba. Aikin gida kuwa a kwafo daga intanet, yanzu ma a sa manhaja ta rubuta.

Akwai kuma batun ladabi. Wasiƙa ta koya mana cewa yadda ake rubuta wa aboki daban, yadda ake rubuta wa mahaifi ko malami ko hakimi daban. Yau malamin jami'a yakan sami saƙo da tsakar dare daga lambar da bai sani ba: "slm mlm ya mgnr result", babu suna, babu gaisuwa. Yaron ba rashin kunya yake nufi ba, domin in ya haɗu da malamin a hanya zai durƙusa ya gaishe shi. Ladabin yana bakinsa da jikinsa, bai dai sami wanda ya koya masa yadda ake zuba shi a rubuce ba.

Abin da na fi jin tsoro ma shi ne saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013. Ya yi wa waɗanda ba su iya karatu ba rana, kuma ina murna da hakan. Amma ga ɗalibi, ya cire ɗan tilas ɗin da ya rage. Mai rubuta "lfy" aƙalla yana haɗa sauti da harafi. Mai danna maɓalli ya yi magana ba ya haɗa komai. Muna nan muna faɗa da taƙaitaccen rubutu, alhali rubutun ne gaba ɗaya yake neman suɓucewa daga hannun yara.

Inda gyara yake

Ƙwace waya daga hannun ɗalibi a lokacin darasi daidai ne, amma ba ya koya masa raba "ya" da "ce". Gyaran yana cikin aji. Abu na farko shi ne mu daina gaya wa yara cewa salonsu shirme ne, mu nuna musu cewa kowane rubutu da muhallinsa: kayan da ake shiga gona da su ba da su ake zuwa Idi ba, kuma mai hankali yana da duka biyun. Darasin da na ga ya fi amfani shi ne in rubuta saƙon tes a allo yadda suke rubuta shi, in ce su mayar da shi cikakkiyar wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta, sannan su mayar da shi wasiƙa zuwa ga kaka. Ajin yakan cika da musu kan wace gaisuwa ta dace da wa, kuma a cikin musun nan ake koyon abin da ake so a koya.

Na biyu, a dawo da shifta da insha'i kowane mako, da Hausa da Turanci, a duba, a mayar wa yaro ya gyara ya sake kawowa. Aiki ne mai nauyi ga malamin da ke da ɗalibai ɗari, shi ya sa maganar rubutu ba ta rabuwa da maganar ɗaukar malamai da rage cunkoso. Na uku, kwalejojin ilimi su tabbatar duk wanda zai koyar a firamare a ƙasar Hausa ya san ƙa'idojin rubutun Hausa, ko da lissafi zai koyar. Na huɗu, uzurin rashin harufa ya ƙare. Madannan waya irin su Gboard suna da Hausa, da ɓ da ɗ da ƙ, kyauta, kuma saita su ba ya cin minti biyar. Malami zai iya nuna wa aji guda a rana ɗaya.

Sauran nauyin yana kanmu manya. Yaro yana koyon yadda ake rubuta kalma ne daga abin da idonsa ya fi gani. In sanarwar masallaci, da allon gidan talabijin, da sunan fim, da saƙon da mahaifinsa ya tura masa duk "yace" suke rubutawa, malami shi kaɗai ba zai iya ba. Gidajen jarida da na rediyo da ke wallafa labarai a intanet, da marubutan da dubban mata ke karantawa kowane dare, su ne makarantar da ta fi kowace yawan ɗalibai a yau, kuma ya kamata su san hakan. A gida kuma, a ba yaro littafi mai tsawo, a sa shi ya karanta wa kakarsa da babbar murya, a tambaye shi abin da ya fahimta.

Shekarun nan sun ba mu abin da masu Yaƙi da Jahilci suka yi ta fafutuka a kai ba su samu ba: miliyoyin matasa masu sha'awar rubutu da harshensu, ba tare da an tilasta musu ba. Samun wannan sha'awa shi ne abu mai wuya, kuma an riga an same ta. Ƙa'idar rubutu da tsara tunani abubuwa ne da ake koyarwa, mun san yadda ake koyar da su, littattafan suna nan, masanan suna nan a jami'o'inmu. In zuriya mai zuwa ta tashi ba ta iya rubuta shafi biyu masu ma'ana ba, ba kamfanin waya za a tambaya ba. Mu za a tambaya, malamai da iyaye da hukumomin ilimi, kuma gara mu fara aikin tun a zangon karatun da muke ciki.